Bangon Katako a Ɗakin Taron Coci

Zuwa ga Gwaggona abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau da kyau cikin sunan Ubangiji, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da ƙannena duka. Yaya aiki, yaya sanyin wurinku, yaya kuma ciwon bayan nan da kika ce yana tasar miki in kin daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ƙarfi, ya tsare fitarki da shigarki. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Mama tana nan da kekenta na ɗinki, Auta ya zubar da haƙoran gaba yana ta yi wa kowa murmushi kamar an biya shi, ni kuma an ba mu hutu, ko da yake makarantar da Baba ke koyarwa ba a rufe ta ba tukuna. Kin san ni da waya, da na ji muryar babba sai harshena ya ɗaure, in yi ta cewa to, to, har a kashe. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hoton shafukan da wayar Mama in turo miki. Ki yi haƙuri da tsawonta, kuma don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki kira kowa.

Gwaggo, maganar Kaka ce ta sa na ɗauki biro, da maganar ƙannenki biyu, Baffa da Baba. Na san kin san ba sa ga maciji tun bara, amma kowa in ya kira ki nasa gefen yake ba ki, ni kuwa a gabana aka yi. Ranar da aka sallami Kaka daga asibiti bayan karayar ƙugunta, Baba ya yi sammako ya ɗauko ta zuwa gidanmu, wai don namu babu matakala kuma ya fi kusa da likita. Bai gaya wa Baffa ba. Ashe shi Baffa ya riga ya yi wa ɗaki fenti, ya ƙera ƙarfen riƙewa da hannunsa a shagon waldarsa, ya kafa shi tun daga bakin gado har banɗaki. Da ya isa asibiti sai ya tarar an yaye zanen gadon, an naɗe katifa, babu kowa. Ya ɗauka ta rasu. An ce a nan ƙasa ya durƙushe yana kuka kamar ƙaramin yaro, mutane suka taru suna ba shi haƙuri, sai wata nas ta zo ta ce ai ƙaninsa ya tafi da ita tun ɗazu. Tun daga ranar bai sake taka gidanmu ba. Yakan aiko da 'ya'yan itace da magani, ya kuma aiko da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da ya ƙera mata, amma a coci in Baba ya zauna dama, shi sai ya nemi hagu. Ni dai a ganina son ta ne ya yi musu yawa su duka, amma wa zai tambaye ni?

Ni ce mai raka Kaka koyon tafiya. Kullum da yamma sai in share baranda, in kwashe takalman Auta, ta kama ƙarfenta mu yi ta kaiwa da komowa daga ƙofar ɗakinta zuwa tukwanen furen Mama. Da farko tana yi tana tsaki, tana cewa ƙafar nan kamar ta aro ce, ba ta jin maganarta. Amma da Baba ya ce ya kama hayar rabin ɗakin taron coci domin a yi mata taron godiya a Asabar ɗin da take cika shekara da faɗuwa, sai ta zama wata daban. Ta ce ita ba za a tura ta a keke kamar buhun gawayi ba, da ƙafarta za ta shiga ɗakin nan kowa ya gani. Har ta fara yi min gori, wai ni ce nake ja mata baya. Da muka koma asibiti likita ya yi murna, amma ya ja kunnenmu kada ta kuskura ta daina ko na 'yan kwanaki, don ƙafar tsoho in ta saba da kwanciya ba ta son tashi.

Kin tuna ɗakin taron ai, wanda ke bayan coci kusa da famfo. An gyara shi bayan tafiyarki. An sa masa tayil da fankoki, ana ba da shi haya don biki da taron dangi, an kuma yi masa wani dogon bangon katako a tsakiya mai naɗewa, yana tafiya a kan siririn ƙarfe da ke ƙasa. In an ja shi sai ɗakin ya zama biyu, kowane da ƙofarsa. Mama ta aike ni in auno tebura don ta ɗinka musu mayafi. Na shiga ba kowa, hasken rana yana saukowa ta tagogin sama, kujerun roba a jibge a lungu, sai na tsaya ina ƙawata wurin a zuciyata da fitilu da furanni, irin na littattafan soyayyar nan da kika ce za su ci min ido. Ina cikin haka na ji wata murya a bayan bangon tana yi wa wani faɗa a kan kujeru. Ko cikin barci na san muryar nan. Rediyo ce, 'yar Baffa, wadda ke kika laƙa mata sunan don bakinta ba ya hutu. Na zagaya ta ɗaya ƙofar da gudu, muka rungume juna muna tsalle, don mun daɗe ba mu keɓe ba. Sai ta ce me nake yi da tef ɗin awo? Na ce taron Kaka. Ta ce ai ita ma taron Kaka ne ya kawo ta. Na faɗi rana, ta faɗi rana. Gwaggo, ranar na fara ganin an ɗauke wa Rediyo wuta.

Ashe Baffa ma ya kama ɗaya rabin, rana ɗaya, lokaci ɗaya, don tsohuwa ɗaya. Kowannensu ya buga katinsa a ɓoye, ya gayyaci mutanensa, ya ajiye katin ɗan'uwansa sai ana gobe ya aika masa kamar baƙo. Ko hoton da suka sa a katin iri ɗaya ne, wanda Kaka take dariya gilashinta a karkace. Muka nufi wurin dattijon da ke kula da ɗakin, wanda kowa ke kira Mai Makulli. Yana zaune a bakin ofishinsa yana gyara wayar lasifika. Rediyo ce ta yi magana, ni ina bayanta ina murza tef. Ta ce masa yaya zai ba 'yan'uwa biyu ɗaki ɗaya ya yi shiru? Ya ce shi ba da haya aka sa shi, ba binciken zuri'a ba. Wannan ya zo ya ce don tsohuwarsa, wancan ya zo ya ce don tsohuwarsa, kuma a iya saninsa babu wanda ya faɗo daga sama, kowa da tsohuwarsa. Na san ya sani sarai, don tun suna yara ya san su, idonsa ma dariya yake yi. Rediyo ta ce to ya naɗe bangon kawai a haɗe taron. Nan ya daina dariya. Ya ce dattawan coci sun kafa doka tun ranar da wani ya buɗe bangon ana tsakiyar taro, baƙin biki suka cinye abincin masu makoki, har aka kusa ba hammata iska. Tun daga nan ba a naɗe shi sai masu hayar biyu sun tsaya gabansa tare sun faɗa da bakinsu. Ba ta waya ba, ba ta ɗan aike ba, balle ta 'yan mata biyu masu tef.

A hanyar komawa na kawo shawara. A littattafan da nake karantawa, in mutum biyu suka ɓata, sai a kulle su a ɗaki ɗaya, ko ruwan sama ya tare su a rumfa ɗaya, kafin a juya shafi sun shirya. Na ce ko mu ce wa kowannensu Mai Makulli na nemansa, in sun shiga mu ja ƙofa. Rediyo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mai walda zan kulle a ɗaki? Ai da ƙofar zai fito a kafaɗa. Ta ce in sauko daga gajimare, kowa ta je ta gaya wa ubanta gaskiya. Ita abin bai yi mata wuya ba. Ni kuwa sai da na yi kwanaki ina zagaye Baba, in kai masa ruwa in tsaya, ya ce lafiya, in ce lafiya in fita. Ranar da na iya faɗa yana duba takardun ɗalibansa, ya ajiye jan biro ya dube ni ta saman gilashi har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi ya fara kamawa, kuma uwar a gidansa take, wanda yake so a naɗe bango ya san hanya. Baffa kuma ya ce wa Rediyo shi ne babba, bai taɓa jin inda wa ya bi ƙani da roƙo ba, kuma wanda ya iya sato uwa daga asibiti ai ba zai kasa gane ofishin Mai Makulli ba. Mama ta ce kada in kuskura Kaka ta ji, saboda hawan jininta.

To amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Baba ya sayo yadi ya ba Mama ta ɗinka wa Kaka, bayan kwana kaɗan Baffa ya aiko da nasa ɗinkakke, da saƙon cewa zai turo mota ranar Asabar ɗin. Kaka ta shimfiɗa kayan biyu a kan gado, ta daɗe tana kallonsu, sannan ta tambaye ni ƙofa nawa ɗakin taron yake da ita yanzu. Na ce biyu. Da yamma na share baranda na kawo ƙarfen, ta ce ƙafar tana yi mata zogi. Kashegari ma haka. Ta koma kwanciya fuskarta na kallon bango, abinci sai ta ɗan taɓa ta ture. Da na matsa mata sai ta ce me za ta yi da tafiya, tunda duk ƙofar da ta bi ta shiga, ɗa ɗaya ta binne da ransa a gaban jama'a? Gara a ce ba ta da lafiya, kowa ya ci shinkafarsa ya watse. Gwaggo, ina kallon ƙafar tana sanƙarewa, maganar likita tana ta yi min yawo a kai. Baba ya ɗauka ciwon ne ya tashi, ya sayo man shafawa. Na rasa wanda zan gaya wa. Ina wanke-wanke ina hawaye, Mama tana tsammanin wani littafin ne ya ƙare ba daɗi.

Shekaranjiya na kasa daurewa. Ina shafa mata man, sai na karya umarnin Mama na faɗa mata komai, har dokar Mai Makulli. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ce in maimaita dokar. Na maimaita. Ta ce wato sai sun tsaya gabansa su biyu? To ita ta san abin da ke tsayar da su wuri ɗaya tun suna yawo ba wando. Ta ce in ɗauko mata ɗankwali da ƙarfenta, in je in tsayar da mota. Baba yana makaranta, Mama ta tafi sayen zare. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ƙafar ta yi tsami saboda kwanciya, duk taku sai ta cije leɓe, hannuna yana ƙarƙashin hammatarta, ina ta tunanin in ta sake faɗuwa a hannuna da wane ido zan dube ku. Direban ya taimaka muka shigar da ita. Da muka isa ta sa aka ajiye mata kujera a jikin bangon ta ɓangarenmu, ta ce wa Mai Makulli ya kira mata 'ya'yanta, ya ce musu uwarsu tana ɗakin taro, kada ya ƙara ko kalma ɗaya.

Baba ne ya fara isowa, da ƙurar alli a hannun riga, bai ma buɗe baki ba sai muka ji ƙarar babur ɗin Baffa. Shi kuma ta ƙofar rabinsa ya shiga, don haka bai ga kowa ba sai kujeru. Muka ji shi a bayan katako yana kiran Inna, Inna, muryarsa tana karyewa. Ina kallon fuskar Baba a lokacin, ta canza gaba ɗaya. Ina ganin ranar ya fara jin abin da mutanen asibiti suka ji. Sai ya ɗaga murya ya ce tana nan Yaya, lafiyarta ƙalau. Wannan ce kalmar farko da ta shiga tsakaninsu tun bara. Baffa ya ce bari ya zagayo, Kaka ta ce kada ya zagayo, ta gaji da zagaye-zagaye, in yana son ganinta ga bango nan. Mai Makulli ya je ƙarshen bangon inda akwai ɗan tsagi da yake hango su duka, ya tambaya ko masu haya sun yarda a naɗe. Sai da Kaka ta buga ƙarfenta a ƙasa sannan muka ji a naɗe daga nan, a naɗe daga can.

Sai Mai Makulli ya dafa ƙugu ya ce shi bayansa ba ya ɗaukar wannan aiki, kuma bangon sai mutum biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, su tura daidai wa daida, in wani ya fi wani ƙarfi tayar da ke ƙasan bangon za ta sauka daga kan ƙarfen. Gwaggo, da kin ga ƙannenki. Ba sa ganin juna, kowa ya sa kafaɗa a katako. Baffa yana ihu wai a hankali Malam, ba allo kake gogewa ba, Baba yana cewa ai shi ne yake turawa kamar zai tayar da mota. Bangon ya fara tafiya yana ƙara, na fara murna, na ce yau littafi ya zama gaskiya. Bai yi nisa ba sai ji muka yi ƙwas, ya karkace ya tsaya cak. Tayar ta karye. Wannan ya ce laifin wancan ne, wancan ya ce na wannan ne. Baffa ya ce zai ƙera wata, Mai Makulli ya ce kayan coci ba mai taɓawa sai kafintan da dattawa suka sani, shi kuma ya yi tafiya sai bayan taron. Abin da ya buɗe bai fi faɗin gado ba.

Ta nan Baffa ya ratso ya durƙusa gaban Kaka, ta dafa kansa ta ce ya rame. Bai dubi Baba ba, Baba kuma bai ce ya yi haƙuri ba. Kaka ta ce a bar bangon yadda yake, a sa mata kujera a wurin da ya buɗe, kowane ɓangare ya gan ta. Ta ce za ta ɗaura zanen wannan ta sa rigar wancan, ko da yake launukan ba su dace ba ko kaɗan, Mama har yanzu ba ta farfaɗo daga jin wannan ba. Baffa ya ɗauke ta cak ya kai ta mota, Baba ya riƙe ƙofa, suka rabu babu sallama. A gida Baba ya yi min faɗan da bai taɓa yi min ba, kuma na san da gaskiyarsa, don da ta faɗi fa? Ƙafar ta kumbura, muka yi ta gasawa da ruwan ɗumi. Amma jiya da yamma ita da kanta ta ce ina ƙarfenta.

Yanzu ga roƙona, Gwaggo. Maganar ƙofa ba ta ƙare ba. Kaka ta ce min ta ƙofar Baffa za ta shiga, domin ta yi shekara tana kwana a gidan ƙarami, ba za ta hana babba wannan ba. Baba bai sani ba tukuna. Ya riga ya gaya wa abokan aikinsa su yi layi a bakin ƙofarmu, Mama ta ɗinka abin adon da za a rataya a kai. Ina tsoron in ya gani a ranar ba shiri zuciya ta ɗebe shi ya fita, mutanensa su bi shi, Kaka ta zauna a tsakiya tana kallon kujeru babu kowa. In haka ta faru na san ba za ta sake taɓa ƙarfen nan ba. Ni ba zan iya gaya masa ba, na ƙarar da duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni na bana. Mama ta ce ba ruwanta, tsakanin harshe da haƙori ba a sa yatsa. Ke ce babbarsu, ke kika goya su, ke kaɗai ce in kin yi magana Baba yake cire gilashi ya saurara. Ki kira shi kafin Asabar, ba da faɗa ba, ki gaya masa, ki sa ya haɗiye. In da hali ki tuna masa da muryar da ya ji a bayan katakon nan.

Wani abu kuma, Kaka ta ce babu ɗan da zai riƙe ta ranar, kada a ce wane ne ya shigo da ita. Ni za ta riƙe. Na roƙe ta ta ɗauki Rediyo, ta ce Rediyo za ta tsaya gaisawa da mutane ta manta da ita a hanya. Na sha yin mafarkin ranar da zan shiga ɗaki cike da jama'a kowa ya juyo yana kallona, amma a mafarkin ba Kaka ce a gefena ba. Ki yi min addu'a kada in taka mata zane.

Ki gaishe min da maigida, da ɗanki Yaya Babba da matarsa da jaririyarsu da ba mu gani ba sai a hoto, da 'yan biyu, ki ce musu ina nan ina ajiye musu labarai. Mama tana gaishe ki, Auta yana gaishe ki da wawulonsa, Rediyo ta ce a gaishe ki har sau ba adadi. Kaka ta ce in ce miki ta ƙi jinin hoto a waya, fuskarki take so ta taɓa. Zan tsaya nan, don ina jin ƙarar ƙarfenta a baranda, ta fara ba tare da ni ba, kuma ban kwashe takalman Auta ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
'yarki, Shiru-shiru